Kyanwar da Aka Ce Na Sata

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Mama da jiki, da maigidanki da yaran duka. Yaya ƙafar Mama? Ga man shafawa nan a cikin leda, a riƙa shafa mata safe da yamma, kada ki bari ta ce ta warke ta ajiye shi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na san gidanmu. Da zarar wayarki ta yi ƙara Mama za ta ce a buɗe murya ita ma ta ji, wannan magana kuwa ba ta kunnenta ba ce tukuna.

Yaya, an ce ni ɓarauniya ce, kuma a jarida aka faɗa.

Akwai wani mai sharhin littattafai da ke sa hannu da Mai Jan Biro. Ya ɗauki littafina, Kyanwa Karen Mota, ya yi masa kaca-kaca. Da farko ya ce labarin dabbobi tsohon yayi ne, duk wanda ya rasa abin rubutawa sai ya kamo dabba ya sa mata baki. Wannan bai dame ni ba, na saba ji. Can ƙasa kuma sai ya jera shafi biyu gefe da gefe, nawa da na wani malamin firamare wanda aka buga a mujallar malamai tun kafin nawa ya fito. Shi ma kyanwa ce da ke aikin karen mota a babbar mota. Kunnenta na hagu a yage. Ita ke tura dutse a bayan taya idan an tsaya a gangara. Har maganar da take yi wa direba idan ya fara gudu, "Taka a hankali, akwai mai barci a baya," tana nan, ko harafi bai canza ba.

A bayan tebur na karanta sharhin, a kantin maganin da nake aiki. Wata mata na jiran maganin tari, saura kaɗan in miƙa mata na ɗigon ido.

Kin san kwamitin makarantu ya zaɓi littafin don yara su karanta. Yanzu sun dakatar. Mai maɗaba'a kuwa, wanda a da har kujera yake jawo min, jiya a tsaye ya bar ni. Ya ce in kawo hujja ko ya kwashe littafin daga kasuwa.

Ni na san satar min aka yi, hanyar ce ban gano ba. Shekarun baya na aika labarin nan wata gasa, ban ci ba, kuma ba a dawo min da rubutuna ba. Ga kuma Doguwa, ƙawata mai shagon buga takardu, ita ta fara buga min shi, malamai kuwa ba sa rabuwa da shagonta. Tun ranar da jaridar ta fito ba ta iya haɗa ido da ni.

Ke ce shaidata. Kina nan lokacin da Baba ke ba mu labarin kyanwar nan, yana zaune a matakalar motarsa yana wanke baƙin mai da kananzir. Ki rubuto min duk abin da kika tuna.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Mama ta karɓi man, ta ce warinsa ya fi ciwon, amma tana shafawa. Yaran suna gaishe ki.

A shago na karanta takardarki, na tura ta ƙarƙashin keken ɗinki don kada a gani. Raina ya ɓaci, ba sai na faɗa ba. Amma ni yayarki ce, ba 'yar amshinki ba, don haka ki saurara.

Na farko, ki rabu da Doguwa. Wa zai iya haɗa ido da ke idan kin ɗaure fuskar nan taki? Ni da na goya ki ma sai na kau da kai.

Na biyu, zan yi miki tambaya, kada ki tashi sama. Kin tabbata ba ki taɓa ganin mujallar nan ba? Ke ce fa ba kya barin takarda ta wuce, ko wadda aka ƙunso allura a ciki sai kin warware kin karanta. Mutum kan karanta abu ya manta, bayan shekaru abin ya faɗo masa a rai, ya ɗauka nasa ne. Ban ce kin yi ba. Tambaya na yi.

Abin da na tuna shi ne, e, Baba yana ba da labarin kyanwa mai aikin mota. Na tuna "taka a hankali", don har yau ina faɗa wa maigidana idan ya ɗauke ni a babur. Amma yagaggen kunne ban tuna shi ba, dutsen taya ma haka. Wataƙila lokacin an riga an tura ni wanke-wanke, ke kuwa kina manne da gwiwarsa. Idan aka ce in rantse, a kan rabi kaɗai zan rantse.

Maimakon ki zauna kina zargin gari, ki nemi mutumin. Makarantarsa ba a sama take ba, 'yan mujallar za su ba ki adireshi. Ki rubuta masa cikin ladabi. Na ce cikin ladabi, Auta.

A ci abinci, a rage shan shayi.

Yayarki

*

Zuwa ga Malam, marubucin labarin kyanwa a mujallar malamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ɗalibai.

Ni ce marubuciyar Kyanwa Karen Mota, wadda aka jera shafinta da naka a jarida aka kira ta ɓarauniya. Ina jin ba sai na yi dogon bayani ba, don ina kyautata zaton ta hannunka shafin ya isa wurin mai sharhin.

Ban taɓa ganin mujallarku ba sai bayan wannan abu. Labarin nan tun ina ƙarama yake tare da ni. Na taɓa aika shi gasar ƙungiyar marubuta, rubutun bai dawo ba. Ina so ka gaya min gaskiya tsakaninka da Allah: kana cikin alƙalan gasar, ko kana da aboki a cikinsu? Ka taɓa kai aiki shagon wata doguwar mata mai buga takardu?

Ba rigima nake nema ba. Sunana nake so a wanke. Idan kuskure aka yi, a gyara shi tun bai kai gaban hukuma ba.

Na gode. Ina jiran amsarka.

Marubuciyar

*

Zuwa ga Malama marubuciya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, ina kuma mayar da gaisuwa da fatan alheri.

Zan amsa tambayoyinki bi da bi, kamar yadda nake koya wa yara.

Ba ni na kai shafin jarida ba. Wani abokin aikina ne ya shigo ɗakin malamai da ita yana ɗaga ta sama, yana cewa na yi suna. Ban ji daɗi ba. Ban san mai sharhin ba, ban kuma yarda da shi ba cewa labarin dabba aikin malalaci ne. Na ga yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya yi magana saboda kyanwar nan.

Ban taɓa zama alƙalin gasa ba. Na bincika, an buga nawa kafin a yi gasar da kike magana. Shagon ƙawarki kuwa ban san shi ba, da hannu na rubuta nawa na aika.

Tunda kin nemi gaskiya, ga ta. Na sayi littafinki na karanta, kuma har takardarki ta zo ina ganin ke kika ɗauka daga wurina. Har yanzu ban gama sakin wannan zato ba. Sai dai abu ɗaya ya tsaya min. Akwai wurin da kika ce kyanwar ba ta shan ruwa sai a murfin tankin mota. Wannan babu shi a nawa, na manta ban sa ba. Amma na san shi.

Ban taɓa cewa ni na ƙirƙiri kyanwar nan ba. Ba ni labarin aka yi ina yaro. Ba zan faɗi wanda ya ba ni ba, kada in faɗa a wayi gari ke ma kin ce daga can kika ji. Ki yi haƙuri da wannan, ban san ki ba, kamar yadda ba ki san ni ba.

Ga abin da nake gani. Daga ni har ke babu wanda ya rubuta dalilin yagewar kunnen kyanwar. Idan da gaske tun kina ƙarama kika san ta, ki gaya min abin da ya yaga shi.

Allah ya bayyana gaskiya. Wassalam.

Malamin aji huɗu

*

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Jarrabawa ka ba ni, to ga amsa. Ƙofar mota ce ta datse shi. An tsaya a kan gada, ta leƙa tana kallon kifi a ruwa, direba bai lura ba ya rufo ƙofa. Tun daga ranar ta daina cin kifi, wai su suka ja mata.

Ban sa shi a littafi ba don mai maɗaba'a ya ce zai tsorata yara. Kuma ba a takarda yake da daɗi ba. Mai ba da labarin idan ya zo wurin sai ya yi shiru, ya matso, ya kama kunnenka na hagu ya ce "ƙaras!" Kullum ka san zai yi, kullum sai ka zabura.

Yanzu saura kai. Wa ya ba ka?

Na gode.

Marubuciyar

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Na janye zatona, ina kuma neman afuwarki. Na karanta takardarki lokacin hutun tara, aka koma aji ban ji ƙararrawa ba, sai da shugaban makaranta ya leƙo.

Mahaifiyata tana sayar da abinci a tashar manyan motoci. Ɗaki biyu gare mu a bayan rumfarta. Akwai wani direba mai koriyar mota da ke sauka wurinmu duk lokacin da hanya ta biyo da shi, yakan kwana a ɗakin gaba. Kawu Direba nake ce masa. Dogo ne, ba ya son hayaniya. Ƙaramin yatsansa na hagu babu kai, ya ce bel ɗin inji ne ya cinye. Da kananzir yake wanke hannu, don haka duk lokacin da ya kama kunnena ya ce "ƙaras" sai warin ya kwana a jikina. Yakan auna ƙafata da zare, ya ƙulle, ya sa a aljihu, idan ya dawo ya zo da takalmi. Bai taɓa kuskuren awo ba.

Ina ajin ƙarshe na firamare ya daina zuwa. Na tambayi mahaifiyata, ta ce direbobi haka suke, hanya kan canza. Amma ta daɗe tana ajiye kwano ɗaya a gefe ba ta zuba wa kowa a ciki.

Akwai abin da ya kamata in faɗa, don kada daga baya ki ji shi a wani wuri ki ce na ɓoye. An gaya min mahaifina ya rasu kafin a haife ni. Ban taɓa ganin hotonsa ba, babu kuma wani danginsa da ya taɓa zuwa duba ni. Mahaifiyata ta rasu, babu wanda zan tambaya. Ban ce komai ba, Malama, don ban san komai ba. Yana yiwuwa mutumin kirki ne kawai da ya ga maraya ya tausaya. Ba na neman komai a wurin kowa, ina da aikina da iyalina.

Game da sunanki, a shirye nake in rubuta wa jaridar da kwamitin cewa ba ki ɗauki komai daga wurina ba. Sai dai za su tambayi yadda aka yi labari ɗaya ya fito daga hannu biyu, ni kuwa ba zan yi ƙarya ba. Zan ce mutum ɗaya ne ya ba mu. Ba zan aika ba sai kin ce in aika.

Tambaya ɗaya gare ni. Ban san ko mene ne shi a wurinki ba. Yana raye?

Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Malamin aji huɗu

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. A gaida Mama.

Ga takardar malamin nan na haɗo miki. Ki zauna kafin ki karanta.

Kin gama? To ki gaya min. Koriyar mota. Yatsa. Kananzir. Ni ban ambaci Baba a takarduna ba, ko sau ɗaya. Ban ce direba ne ya ba ni labarin ba, ban ce ubana ba ne.

Tun da na karanta nake lissafi, lokacin da ya ce direban ya daina zuwa ya yi daidai da lokacin da ciwon Baba ya kwantar da shi aka sayar da motar. Kuma yanzu wani abu ke damuna game da ke. Me ya sa kika yi saurin cewa in nemi mutumin? Me ya sa kika ce rabi kaɗai kika tuna, ke da har yau kina iya faɗin launin rigar da kika sa ranar da aka kai ki makaranta? Kin girme ni da yawa, kin ga abin da ban gani ba. Idan kin san wani abu kika bar ni ina haukan zargin Doguwa, har na daina gaishe ta, ba ki kyauta min ba.

Kwamitin zai zauna kwanan nan. Mai maɗaba'a ya ce takarda ɗaya daga malamin ta isa ta wanke ni. Malamin a shirye yake ya rubuta ta, Yaya, kalma ɗaya zan faɗa a aika. Amma duk wanda ya san mu, ya karanta cewa direba ɗaya ne ya ba yara biyu labari a gida biyu, kin san abin da zai faɗa.

Ki ba ni amsa da motar gobe.

Ƙanwarki

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Mama lafiya, ƙafar da sauƙi.

Wato yanzu zargin ya zagayo kaina. Madalla. Da na san wani abu, ni ce zan tura ki ki tono shi? Ki riƙa tunani kafin ki ɗauki biro.

Na karanta takardarsa har na haddace, na ɓata wuyan rigar mutane saboda ita. Ga abin da na gani. Babu tashar da ba a san yatsan Baba ba. Babu wadda ba a san koriyar motar ba. A bayan littafinki kin rubuta cewa ke 'yar direba ce, har da hotonki. Mai wayo zai iya zuwa tasha ya sayi shayi ya zauna da tsofaffin direbobi, kafin ya tashi ya san komai. Wanda ya ce ba ya neman komai, ni shi na fi sa wa ido. Kuma Baba mutum ne mai son yara, duk inda ya tsaya sai sun yanyame shi. Wa ya san yara nawa ya kama wa kunne a hanya?

Wannan shi ne abin da nake gaya wa kaina. Ga kuma wanda ba na so in rubuta.

Wata rana Mama ta aike ni in ɗauko kwanon abincin Baba a mota. Na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujera, na ga takalmi sabo na yaro namiji, da zare a ƙulle a cikin ƙafa ɗaya. Mu kuwa gidanmu duk mata. Na tambaye shi, ya ce na ɗan karen motarsa ne. Na yarda, na manta. Sai da na karanta maganar zaren nan na tuna cewa karen motar Baba a lokacin ko aure bai yi ba.

Iyakar abin da na sani ke nan, wallahi. Zaren nan kuwa babu tsohon direban da zai sayar masa da shi a kan kofin shayi.

Duk da haka kada ki bari a buga. Ke kina can, ni nake zaune da Mama. Ni zan ga fuskarta idan maƙwabta suka fara shigowa gaishe ta da ƙafa alhali ba ƙafar ta kawo su ba. Kullum sai ta yi wa Baba addu'a da sunansa. Littafi kya rubuta wani, dabbobi ba su ƙare ba.

Ki yi haƙuri, ƙanwata. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida Mama da yaran.

Kwamitin ya zauna, ban kai komai ba. Sun cire littafin. Mai maɗaba'a ya aiko min da ragowar a kwali, suna nan a bayan ƙofa ina tuntuɓe da su. Mai Jan Biro ya sake rubutu, ya ce shirun da na yi amsa ce. A kanti wani ya zo sayen maganin ciwon kai, ya kalle ni ya ce, "Ke ce ta jaridar nan?" Na ce ni ce, na ba shi maganinsa.

Na je na ba Doguwa haƙuri. Ashe kunyar halin da nake ciki ce ta hana ta kallona. Ke ma ki yafe min abin da na rubuta.

Na yi abin da kika ce. Amma mutumin nan ya yi tambaya ɗaya, har yau ban amsa ba. Kullum yana can yana jiran mota ta kawo masa takarda. Ko maƙaryaci ne ko ɗan'uwanmu, me zan ce masa?

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Jiya Mama ta dogara sandarta ta shigo shago, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki ta ce, "Takardun da kike turawa ƙarƙashin keke, ɗauko ki karanta min. Ƙafata ce ke ciwo, ba idona ba."

Na karanta mata duka. Ba ta katse ni ba. Da na zo inda malamin ya ce mahaifiyarsa ta rasu, ta ce in maimaita, sannan ta ce, "Allah ya ji ƙanta."

Ga saƙonta. Ki gaya wa malamin gaskiya, Baba ya rasu. Ki ce ya aika wa jaridar takardarsa, ba za a kira 'yarta ɓarauniya tana raye ba. Ni kuma ta ce saura ƙiris ta mare ni da na hana ki.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Mama, ɗan Baba ne?"

Ta kalli titi. Sannan ta ce, "A share ɗakin baƙi. Ku ce ya zo. In na ga tafiyarsa zan sani."

Ki taho tare da shi. Allah ya kawo ku lafiya.

Yayarki